Baba Mai Layi Bai Taɓa Ganin Mun Ci Ba

Bari in fara da ɗan laifina, tunda ko ban faɗa ba matata za ta faɗa: bakina yana riga hankalina tashi. A gida haka nake, a wurin aiki haka nake, a filin ƙwallo kuwa sai dai addu'a. Ku ajiye wannan a gefe, za mu dawo kansa. Yau Baba Mai Layi ne abin magana.

Duk ranar da ƙungiyar unguwarmu take da wasa a gida, kafin rana ta yi zafi za ka same shi a fili shi kaɗai. Bokitin farar ƙasa a hagu, tsohon gwangwanin fenti da ya huhhuda da ƙusa a dama, igiya da turaku a aljihu. Sai ya kafa turke, ya ja igiya, ya rufe ido ɗaya ya auna, sannan ya bi ta a hankali yana kaɗa gwangwanin. In layi ya karkace da faɗin yatsa, sharewa yake da ƙafa ya sake. Daga nan ya ɗaura raga, ya ƙulle inda ɓeraye suka ci, ya tsince fasassun kwalabe a gaban gola, ya koma rumfarsa ta gyaran takalma a bakin ƙofar fili. Shekara arba'in da ɗaya ke nan. Ba wanda ya ɗauke shi aiki, shi ya sa ba wanda ya iya korarsa, alhali a gaban idonsa aka kori koci goma sha bakwai.

Kada wani ya zaci wata babbar ƙungiya ce. Kofi ɗaya muka taɓa ɗauka, shi ma motar abokan karawarmu ce ta lalace a hanya. Amma tsohon golanmu, wanda yanzu direban babbar mota ne, ya rantse mini cewa Baba ya taɓa ɗinke masa takalmi a hutun rabin lokaci ƙafarsa na ciki, bai soke shi ko sau ɗaya ba. Mai sayar da ruwa ta ce ranar da ruwan sama ya cika bakin raga, da roba ya kwashe shi, tsamo-tsamo, har alƙalin wasa ya ji kunyar ɗage wasan. Shekarar da muka faɗa rukunin ƙasa, 'yan kallo tara suka rage. Ni ba na cikinsu. Shi ne ya lissafa mini sauran takwas ɗin.

Sai dai akwai abin da baƙo ba zai gane ba in ya zo filinmu. A shekararsa ta farko, mun yi wasa bakwai ba mu zura ƙwallo ko ɗaya ba. A na takwas, ya juya zai rataye bokitinsa a ƙusar bango, sai fili ya kaure da ihu: mun ci. Wani ya ce, "Kun gani? Da Mai Layi ya kalli bango aka ci!" Mako na gaba aka roƙe shi ya sake, da wasa. Wasan nan shi ne ya girma har ya yi furfura. Tun daga ranar, da zarar 'yan wasanmu sun doshi gidan abokan hamayya, benci gaba ɗaya zai ɗauka: "Baba, bango! Baba, bango!" Shi kuwa ya tashi ya fuskanci bango, hannuwa a baya, kamar ɗalibin da aka hukunta.

Ku yi lissafin da kanku. In su ne suka kawo hari, yana kallo. Duk ƙwallon da aka zura mana cikin shekara arba'in da ɗaya ya gan ta da idonsa. Tamu kuwa ko ɗaya. Marigayiya matarsa takan ce, "Ban taɓa ganin mai zuwa kallon ƙwallo ya dawo da labarin tsagar bango ba sai kai."

In an ci sai ya juyo ya kama hannun na kusa: "Yaya aka yi?" Sau da yawa ni ne na kusa. Ƙwallon da ta bugi gwiwar wani ta gangara, sai in mayar da ita aradu daga tsakiyar fili. Ya girgiza kai. "Ƙarya kake, ɗan nan. Ai na ji ƙararta. Gwiwa ce."

Bara layukansa suka fara karkacewa. Ba wanda ya yi magana. 'Yan wasa suka riƙa bin layin yadda ya tafi. Ana saura mako ɗaya wasan ƙarshe na kaka, autarsa, malamar makaranta, ta same mu a benci bayan atisaye. Ba ta zauna ba.

"Yayyena, likita ya ce jijiyar idon Baba ce take mutuwa, ba aikin da za a yi. Na hagu ya tafi. Na dama ba zai kai baɗi ba. Abu ɗaya nake roƙo. Ranar wasan nan ku bar shi ya ga an ci, ko sau ɗaya."

Kowa ya san in ba mu ci wasan ba, mun sake faɗawa ƙasa. Wanzami, shugaban magoya baya, ya cire hularsa ya ce, "Ƙanwata, mun ci amanar tsohon nan da yawa. Duk wanda ya buɗe baki ranar nan, ni zan aske shi da busasshiyar aska." Ni na fi kowa gyaɗa kai.

Ranar ta zo. Autar ta zaunar da shi a gaba, ta riƙe masa hannu. Duk harin da muka kai sai ka ga ya motsa zai tashi, ta danne shi. "Baba, zauna." Muka buga turken raga, muka buga sama, muka buga wa golansu a ciki. Ba ci. Saura minti biyu aka kwashe ƙafar ɗan gabanmu a gaban raga, alƙali ya nuna fenareti, a kan ɗigon da Baba ya ɗiga da hannunsa da safe. Fili ya yi shiru har kana jin numfashin na bayanka. Yaron ya ajiye ƙwallo ya ja baya.

Sai wata murya ta tsaga shirun: "Baba, bango!"

Na waiwaya in ga wane marar mutunci ne. Kowa ni yake kallo.

Baba ya zare hannunsa daga na 'yarsa a hankali, ya miƙe, ya juya. Ta ce, "Baba, don Allah." Ya ce, "Bari, uwata. In ya zubar, da wane ido zan kalle su?"

Ƙwallo ta shiga. Mun tsira. Mutane na ta tsalle a kan benci, ita kuwa ta rufe fuska da mayafi. Baba ya juyo ya laluba, hannuna ya kama.

"Yaya aka yi?"

Karo na farko na faɗa masa gaskiya: "Ƙasa-ƙasa, ta hagu. Gola ma ya taɓa ta."

"Haka na ji," ya ce. Da ya ji ina kuka sai ya ƙara, "Daina kuka, sarkin surutu. Kafin ka buɗe baki na riga na ɗaga ƙafa." Har yau ban sani ba ko gaskiya ce, ko kuwa irin ƙaryar da na saba yi masa ce ya rama mini.

Bana ya ajiye gwangwani. Autar tana kawo shi duk ranar wasa, ya zauna yana fuskantar fili, ba mai ce masa komai. Ya ce wa wanzami, "Yanzu kun huta. Duk inda na juya bango ne."

Baba, kai ne ka shata mana inda wasa yake farawa da inda yake ƙarewa. Kai ne ka ɗauki baƙin cikinmu duka da ido, ka bar mana murnar. Mai layi, mai raga, mai haƙuri da wawaye: mun gode, kuma ka yafe mana, musamman ni. Allah ya saka maka da ganin abin da ya fi ƙwallo a raga. Ku kuma matasa da kuke kashe murya a kan ƙungiyoyin da ba su san da zamanku a duniya ba, gwangwanin yana nan rataye a ƙusar bango. Wani ya zo da safe ya ɗauka, ya ja igiya, ya tsaya wa nasa kamar yadda tsohon nan ya tsaya. Bangon kawai za ku bar masa.

Da zan rubuta wannan, na je wurin tsohon sakataren ƙungiya don in tabbatar da ranar da abin ya fara. Ya buɗe littafin sakamakon wasanni, ya bi da yatsa har ya samo wasan nan na takwas, wanda Baba ya juya muka ci. Huɗu da ɗaya aka tashi. Mu ne da ɗaya.