Katunan da Baba Ya Ɓata

Ranar Juma'ar farko ta dogon hutu, shekarar da na cika tara, Baba ya dawo daga masallaci ya tarar da ni a matakalar gininmu a unguwar University Heights, can ƙasar da muke ci-rani, ina kuka shaɓe-shaɓe. Yaran maƙwabta 'yan Dominika sun hana ni wasa, wai ba ni da kati ko ɗaya. Wasan kuwa shi ne a jefa katin da ke da hoton ɗan wasan ƙwallon besbol jikin bango, wanda nasa ya fi matsawa kusa ya kwashe na kowa. Baba ya ja hannuna zuwa kantin kwanar layi ya sayo mini ƙunshin katuna guda. Tun daga ranar, Juma'a ba ta wucewa bai sayo ba.

Baba mutumin Maraɗi ne, huluna da tabarau yake sayarwa a tebur bakin titi, kuma bai san kan besbol ba balle gindinsa. Shi dai a gaya masa inda aka haifi mutum. In na dawo daga kai wanki gidan inji, na wanke wa Inna kwanuka, sai in zauna kusa da shi in karanta masa bayan kati. Duk wanda aka haifa a wata ƙasa, sai ya gyaɗa kai ya ce, "Wannan ma ci-rani ya zo, Allah ya ba shi sa'a." Sannan ya ɗauki biro ya rubuta sunansa da garinsu da ajami a bayan katin, don gobe ya iya kiransa da kansa. In lokacin salla ya yi, a kife hotunan a zuba a langar Inna a rufe. Ita kuma ta riƙe haɓa ta ce, "Oh ni Rabi, langar aurena ta koma masaukin 'yan ƙwallo!"

Na girma, tarin ya girma, ya bar langa ya cika kwalaye. Baba da Inna suka koma Maraɗi, ni kuma aure ya kai ni unguwar Stapleton, ɗaki ɗaya da falo. Da cikina ya tsufa, mijina Sani ya dubi kwalayen da suka cinye kusurwar ɗaki ya ce, "Madam, baƙon namu a kwali zai kwana?" Na yi dariya, amma raina ya ɓaci, don ji nake kamar Baba za a fitar daga gidan. Na gwada zaɓe ta kulob, na gwada ta shekara, duk wanda na ware in maido shi. Da na gaji, muka kwashi komai zuwa shagon wani dattijo mai sayen katuna. Yana juya su da kan yatsa yana ture wasu gefe, can ya ɗago ya ce, wa ya yi wannan ɓarnar? Kati mai rubutu ba mai so, sauran kuwa zai karɓa duka. Na leƙa waɗanda ya ƙi, ashe duk hannun Baba ne. Wallahi wata irin ajiyar zuciya na yi, har abin da ke cikina ya motsa. A gida na zuba su a langar da Inna ta bar mini, murfi ya rufu ruf. Da na gaya wa Baba ta waya, ya yi dariya har da tari, ya ce, "Ashe ɓarnata ta yi rana."

Yanzu in na bi ta tsohon layinmu, yara na nan a matakala, kowa da waya a hannu, ba mai jefa kati jikin bango. Gadon jariri ya zauna inda kwalaye suke a da, langa tana saman kabad. Ina kewar Juma'ar nan sosai. Ɗiyata ba ta taɓa ganin kakanta ba, amma za ta san rubutun hannunsa.