Rubutun da Ke Jikin Takobin Kaka

Daga Al-Azizya

Ƙarfe biyar da rabi, muna idar da sallar asuba, muka kama hanya daga unguwarmu ta Al-Azizya a Madina, ni da ƙanena Usman, takobin kakanmu na kujerar baya a naɗe cikin bargo. Inna ce ta aike mu. Mahaifinta ya yi wa wani hafsan Jamus kiwon doki a Garwa ta ƙasar Kamaru. Ya ce ranar da Jamusawa suka watse hafsan ya ba shi takobinsa, kuma da shi ya tako har Madina. Dangi kuwa har ya rasu suna cewa ƙarya yake, a kasuwar Sudan ya saya. Inna ta haura tamanin, idonta ya tafi, ta ce ba ta son ta mutu ba a wanke ubanta ba. Sai aka yi mana kwatancen wani dattijo a Khaibar, Ammu Sale, wato Baffa Sale, masanin tsofaffin makamai.

Shingen 'yan sanda

Shida da kwata aka tsayar da mu. Ɗan sandan ya ce a buɗe bargon. Na buɗe. Takobin da na sani baƙi ƙirin, ga shi yana ƙyalli kamar sabon faranti. Ɗan sandan ya duba ya ce, "Masha Allah, sabo ne?"

Ashe jiya Usman ya kai takobin wurin mai washin wuƙaƙe. Da na tambaye shi, da Larabci ya ba ni amsa, harshen da ya fi masa sauƙi, har da murmushinsa, wai abin kunya ne a kai takobin Kaka gaban mutane da tsatsa. Mutum ɗan shekara arba'in! Wallahi ba don ɗan sandan na tsaye ba da na kwaɗa masa mari.

Khaibar

Kilomita ɗari da saba'in, muka isa takwas saura kwata. Ammu Sale ya sauke mu a gonarsa, ya kawo dabino da gahawa. Ya juya ƙotar takobin, ya nuna mana kan zaki a ƙarshenta, jan gilashi a idanunsa, da ganyen da aka zana a jikin tagullar. Ya leƙa da fitila ƙarƙashin wani ɗan harshen tagulla da ya rufe gindin ƙarfen, inda dutsen washi bai kai ba. Ga tambarin maƙera nan, da sunan garin Solingen. Ya ce na Jamus ne, na hafsa, irin na fareti.

Har na fara ajiyar zuciya, sai ya ce irin wannan ana samunsa a kasuwa. Abin da zai raba gardama shi ne rubutun jikin ƙarfen, domin a nan ake zana sunan mai shi da rundunarsa. Ya shafa ƙarfen sama da ƙasa, sumul, washi ya cinye rubutun. Ya ce:

"Wane maƙiyin naku ne ya yi wannan?"

Usman ya sunkuyar da kai. Na ce, "Ammu, uwarmu ɗaya ubanmu ɗaya."

Komowa

Muka juyo bayan azahar, la'asar ta same mu a ƙofar gida. Mun gode wa Allah da Ya dawo da mu lafiya, Ammu Sale kuma Allah Ya saka masa. A mota mun shirya da Usman cewa iyakar mai daɗin za mu faɗa. Na durƙusa na ce wa Inna an tabbatar, na hafsan Jamus ne. Ta yi hamdala har da hawaye, ta ce a miƙo mata shi.

Ta zare shi a hankali, ta bi ƙarfen da yatsa yadda ta saba tun tana yarinya. Ta kai ƙarshe, ta dawo, ta sake bi.

"Auwalu," ta ce da ni, "ina rubutun Babana?"

Na juya na kalli Usman. Na ce ya ba ta amsa da kansa, kuma da Hausa, yadda za ta ji.