Wuni Biyun da Na Riƙe Kuɗin Fansar Lawali

Ku samarin da ke zaune a rumfuna da waya a hannu, ku ara mini kunnenku, don ni ma irin wannan rumfar na zauna. Haifaffen Bungudu ne ni, ɗan manomi, kuma har na kai shekara ashirin da biyar ko allurar wani ban taɓa ɗauka ba. Da na gama sakandare na rasa abin yi, mahaifina ya sayar da dawa ya haɗa mini jari, na kafa rumfar POS a Gusau. Na iya waya, bakina da zaƙi, mutane suka yarda da ni.

Akwai wata manhajar banki a wayata mai karɓar kuɗin waje. 'Ya'yan mutanenmu masu aikatau a Saudiyya sukan turo riyal ta hannuna, in canza in ba iyayensu naira. Riyal ɗin yana nan zaune cikin manhajar sai lokacin da na danna canji, sannan ta nuna farashin ranar da cajin da banki zai cira. Tsofaffin ba su da boko, abin da na faɗa shi ke nan. Da ɗari biyu na fara, ina ɗorawa a kan caji. Daga nan na ɗauki hoton farashin wata rana da riyal ya faɗi, shi nake haska musu kullum. Su yi godiya, wasu har da tukuicin goro.

Ɓera ya ga ana barci. Na lura cewa in na riƙe riyal kwana biyu zuwa uku, sau da yawa naira kan ƙara faɗuwa, rarar kuma ta zama tawa. Duk wanda ya zo karɓa sai in ɗaga waya sama in girgiza kai in ce babu sabis. Ban taɓa kiransa sata ba, wayo nake ce masa.

Wata Litinin Malam Garba ya zo daga Karakkai. Dattijo ne da na saba ba shi kuɗin 'yarsa Hadiza mai aiki a Jidda. Ranar ko gaisuwa bai ƙarasa ba. 'Yan bindiga sun tare ɗansa Lawali a hanyar dawowa daga kasuwar Tsafe, sun shiga daji da shi. Sun yanka kuɗin fansa, wa'adi la'asar ɗin Laraba. Ya sayar da shanun huɗa da gona ɗaya, cikon kuma Hadiza ce ta tattara albashinta da gudummawar 'yan uwanta mata za ta turo.

Kuɗin suka shigo ranar Talata da hantsi. Ban taɓa riƙe riyal mai yawansa ba, ga shi kuma 'yan canji na ta raɗe-raɗin gobe zai hau. Malam Garba ya leƙo ya ce, "Ɗana, kuɗɗin sun iso?" Na ɗaga waya sama na ce, "Baba, sabis ne babu." Ya zauna a bencina da carbi, ko ruwa bai sha ba.

Bayan azahar 'yan bindigar suka kira shi, ya ce in buɗe masa murya don kunnensa ya yi nauyi. Da hannuna na buɗe. Muka ji saukar gora a jikin mutum, muka ji Lawali yana ihu yana cewa, "Baba, sun karya man hannu, ku kawo don Allah!" Sai wata murya ta karɓa: "Tsoho, gobe la'asar. In rana ta hwaɗi ba mu gani ba, ka taho da likkafani." Dattijon nan ya dafa kai yana salati. Ni kuwa na koma na duba farashi, na ga ya ƙara naira biyu. Na ce wa zuciyata ai mutanen nan cika baki ne, kullum suna ƙara wa'adi kamar masu cinikin akuya.

Ranar Laraba na ja har tsakar rana kafin in danna canji. A nan ne wayona ya ƙare. Naira ta shiga asusu, amma mutanen daji ba sa karɓar tiransifa, tsaba suke so, ni kuma ban tanadi tsaba mai yawa haka ba. Na bi rumfuna da shagunan 'yan kasuwa ina haɗa dubu hamsin nan, dubu ɗari can, gumi har cikin takalmi. Kafin kuɗi su cika an kira magariba. Malam Garba ya yi ta buga lambarsu, a kashe.

Da safiyar Alhamis masu babur suka tsinci Lawali a gefen hanya kusa da Tsafe. An ɗaure hannuwansa ta baya da roba, an harbe shi a ƙeya. Ya bar mata da 'ya'ya uku.

Bayan sadakar uku Hadiza ta turo wa ƙanensu Bashar rasiɗin kuɗin, ga rana ga lokaci a rubuce: Talata da hantsi. Ina cikin rumfa na ga babura sun zagaye ni. Bashar ya finciko ni ta wuyan riga yana cewa, "Kai ka kashe shi, ɗan banza!" Gora ta farko ta same ni a ido, na ji wani abu mai ɗumi yana bin kumatuna. Suka tattake hannuna na dama a kan kwalta har na ji ƙasusuwan suna ƙara. Wani ya sare ni da adda a kafaɗa. Aka rataya mini taya, aka zuba mini fetur, ina jin ana neman ashana. Malam Garba ne ya ratsa taron ya faɗa kaina da babbar rigarsa. Ya ce, "Wanda zai ƙyasta, shi haɗa da ni. Gawa guda ta ishe ni makon ga." Haka ya rufe ni har 'yan sanda suka iso.

A kotu ban musa komai ba. Shekara huɗu na yi a gidan yari, da ido ɗaya da hannun da har yau ba ya damƙe cokali. Mahaifina ya rasu ina ciki, an ce tun ranar da ya ji labarin ya daina zama majalisa.

Da aka sake ni na wuce Karakkai kafin in je gida. Na sami Malam Garba a ƙofar gida ya tsufa tukuf. Na durƙusa ina kuka ina neman gafara. Ya dube ni ya ce, "Nawa ka samu?" Na ce dubu arba'in da ɗoriya. Ya jinjina kai ya ce, "Dubu arba'in. Da ka hwaɗa man, da na tuɓe rigata na sayar na ba ka." Can ya ƙara da cewa, "Hakkina na yahe. Na Lawali kuwa ba shi hannuna, sai kun gamu."

Yanzu dako nake yi da baro, kuma na tuba ga Allah, ina fatan Ya karɓa. Ku da kuke wannan sana'a, in mutum ya ba ku amanar kuɗinsa, ku juya masa fuskar waya ya gani, ku karanta masa farashi da caji yadda suke, ku faɗi ladanku a fili, ku sallame shi a ranar. Ba ku san abin da ke jiran kuɗin nan a gida ba. Ni na sani, na ji ihunsa da kunnena, kuma na riƙe. Kada ɗayanku ya zo ya tsaya inda nake tsaye, yana jiran haɗuwa da wanda ba zai iya roƙonsa gafara ba a duniya.