Faifan Likitan Ido

Ko tsufa zai kwashe mini komai na zamanmu a Sharaɗa, ranar da na leƙa idon ɗana ta ramin faifan likita ba za ta bi sahu ba.

Ɗan fari ne, don haka ban taɓa kiran sunansa ba, ba na kuma kallonsa ido cikin ido. Yayar babansa ce ta goya shi, Gwaggo muke ce mata. A lokacin masaƙu na ci dare da rana, shi ma da ya tasa sai ya samu aiki a ɗaya. Wata rana ƙarfe ya fizgo daga inji ya buge shi a idon dama. Ciwon ya lafa, amma a hankali fari ya taru a tsakiyar ƙwayar, har ya daina ganin zare in ya tsinke. Aka ce yanar ido ce, kamfani ya tura shi asibitin ido.

Nan fa maganganu suka taso. Abokan aikinsa suka ce likitan bakinsa ɗaya da kamfani, zai ce idon ya mutu ne don a sallame shi. Gwaggo kuwa nata daban.

"Faifai fa aka ce yana ɗagawa, mai zobba baƙi da fari, ya leƙa mutum ta tsakiya," in ji ta. "Yo in ba boka ba, wa ke duba da faifai? Wai kuma gilashi zai cusa masa cikin ido. Idon ɗana taga ce?"

Ni ba mai yawan magana ba ce, amma abin ya zauna mini. Ranar zuwa na yafa mayafina na bi su. Gwaggo ta dube ni sheƙeƙe. "Yau kuma kunyar ta tafi cin kasuwa?"

Likitan Ba'indiye ne, wata nas Bakanuwa na yi masa tafinta. Ya sa yaron ya ɗora haɓa a kan wata na'ura, ya leƙa, ya murɗa, ya girgiza kai. Sai ga faifan nan, mai mariƙi kamar na ludayi. Ya daɗe yana leƙe. Nas ta ce, "Ya ce saman idon bai yi sumul ba, awon ya ƙi fita. Ba zai yi aiki yanzu ba."

Ga abin da aka faɗa ya tabbata, a raina na ce. Gwaggo ta miƙe tana gyara zani, wai a tashi, akwai mai ture yanar ido da tsinke a ƙauyensu. Na san mutum biyu da suka je wurinsa, dukansu da ɗan jagora suka ƙare. Likitan ban yarda da shi ba, mai tsinken ma haka.

A ajin yaƙi da jahilci malamarmu takan ce in ba ki gane ba, ki nemi a nuna miki. Sai na ji bakina ya ce, "'Yar nan, don Allah ki tambaye shi, ni ma zan iya leƙawa?"

Likita ya yi dariya, ya miƙo mini. Ya sa na fara da idon nas. Ikon Allah! Zobban faifan ne kwance a kan baƙin idonta, ƙanana, ɗaya cikin ɗaya, babu karkata. Ashe hoton zanen kawai yake kallo, yadda ake ganin fuska a ruwan randa. Sannan aka juyo ni wajen ɗana.

"Inna, ki duba mana," in ji yaron a hankali. "Ba komai."

Na duba. Zobban a kakkarye suke, wasu sun narke sun shige juna, ga wani maiƙo baƙi-baƙi yana yawo duk lokacin da ya ƙifta. Likita bai yi ƙarya ba. Amma maiƙon na gane shi, don ni ma mace ce. Na ce wa nas kamar kwalli nake gani.

Nas ta juya wajen Gwaggo. "Gwaggo, me ake sa masa?"

"Kwalli da man shanu, safe da yamma, da ɗan zuma. Da shi na raine shi. Yau ma na ƙara masa, kada faifan ya kama shi."

"Ai kuwa bai kama shin ba," in ji nas. "Ke kika ci, Gwaggo. Saura kaɗan ki cinye har da idon."

Aka wanke idon, aka ba mu maganin ɗigawa, aka ce kada a sake sa komai. Duk da haka zargina bai tafi duka ba. Da muka koma, sai da na sake karɓar faifan. Zobban sun daidaita, in ban da wuri guda a gefe inda ƙarfen ya bar tabo. Likita ya nuna mini shi, ya ce zai kauce masa wajen yanka, awon na'urar kuma shi zai gaya masa irin gilashin da zai dace. A nan ne na ce bismillah, a yi aikin.

Ranar da aka kwance bandeji, Gwaggo ta tsaya a gabansa tana jira ya fara ganinta. Ya gan ta, ya yi mata tsiyar goron da ya rina mata haƙora. Sannan ya leƙo ta bayanta. Na sunkuyar da kai yadda na saba, sai kuma na ɗago. Kafin azumi ya koma bakin injinsa.

Abin da na koya shi ne, zargi ba laifi ba ne, amma kada ki tashi da shi ki bar wurin. Ki ce a nuna miki. Da na bi kunya da jita-jita, da idon nan ya tafi a bakin tsinke, ni kuma da har yau ban san idanun ɗana irin na mahaifiyata ne ba.