Inuwar Dattijo a Wasan Waya

Duk shekarun da na yi a kamfanin robobi na Sharada, ban taɓa ganin ɗan mai kamfanin ya taka sito ba sai ranar da ya zo neman inuwarmu. Ya dawo daga karatu a waje da gajeren wando da ɗan gemu irin na bunsuru, wai zai ƙirƙiri wasan waya. A can ne ya ga ana kaɗa 'yan tsana a bayan farin ƙyalle, fitila na haska su, 'yan kallo ba sa ganin komai sai inuwa. Abin da muka yi da yatsu a bangon ɗaki muna yara, shi sai da ya hau jirgi kafin ya gano shi.

Aka rataya farin yadi tsakanin tarin bokitai, aka kafa fitila, aka ce mu riƙa wucewa ta baya ɗaya bayan ɗaya. Wannan ya yi tsalle, wancan ya tura kwali, shi kuma yana ɗauka da kyamara yana gyaɗa kai kamar ƙadangare. Bai tambayi sunan kowa ba.

Cikin masu lodi akwai wanda duk muke kira Dattijo. Buhuna sun lanƙwasa masa baya, yana kuma ɗingisa ƙafar hagu. Da inuwarsa ta bayyana a yadin, ɗan mai kamfani ya miƙe tsaye. Ya sa shi ya wuce, ya dawo, ya sunkuya, ya ɗago, har gumi ya jiƙe masa riga. Sannan ya ce, "Baba, ai ku ne tauraron wasan nan."

Dattijo ya ɗauki maganar nan ya kai gida. Yana da auta a sakandare, wadda ƙawayenta ke tsokana da 'yar ɗan dako. Ya faɗa mini a keke, muna hanyar komawa Dorayi, cewa burinsa yarinyar ta gan shi sau ɗaya ba da buhu a ka ba. Wayarsa ƙarama ce mai tocila, don haka ya sa na yi alkawari in wasan ya fito zan kawo tawa.

Da ya fito na sauke shi lokacin hutun azahar. Ba zan yi ƙarya ba, ya yi kyau. Kana tafiyar da wata siririyar inuwa, kana tsallake ramuka, kana matsar da fitila don inuwar kwali ta yi tsawo ta zama gada. Siririn nan kuwa da ɗan gemunsa, kowa ya san ko wane ne. Can gaba sai ga katanga da tsalle ba ya kaiwa. Sai wata inuwa ta taho tana ɗingishi. In ka taɓa ta sai ta sunkuya, ka taka bayanta, ka haye, ka bar ta nan. Tauraron ke nan. Raina ya ɓaci har na kasa cin abincina. Uban ya sha ƙarfin mutum, ɗan ya zo ya kwashe inuwar, ita ma ya sa ta dako.

Ban gaya wa Dattijo ba. Ranar Juma'a bayan masallaci na ce cajina ya ƙare, ya ce akwai mai caji a bakin layinsu. Haka na bi shi.

Ya sa an shimfiɗa tabarma a soro, ya zauna da farar rigarsa ta Juma'a, ya kira auta. Yarinya mai kaifin kai, nan da nan ta gane dabarar fitilar, tana wuce ramuka tana dariya. Shi kuma yana leƙe ta kafaɗarta yana tambaya, "Na fito?" Ni dai ƙasa nake kallo.

Dariyar ta tsaya. Ta ce, "Baba, ga ku nan." Ɗingishin kaɗai ya isa, ba sai an faɗa mata ba. Ta taɓa, inuwar ta sunkuya. Ta gane abin da ake so ta yi, sai ta koma baya. Ta gwada tsalle, ta gwada fitila, ta jawo kwali, katanga na nan. Ɗan gemu bai bar wata hanya ba.

Ta ce a hankali, "Baba, in ban taka ku ba, ba zan wuce ba."

Dattijo ya daɗe yana kallon wayar. Sannan ya gyara zaman hularsa ya ce, "Taka mana, auta. Aikina ke nan."

Ta ajiye wayar a kan tabarma ta shige cikin gida. Inuwar tana nan sunkuye, tana jira, har allon ya mutu da kansa.