Tsuntsun da Ya Shiga Kaset ɗin Inna

Gembu zuwa Legas

Da asuba muka bar Gembu, hazo ya rufe dutse, direba yana gangarawa yana salati. A aljihuna akwai kaset ɗin da Inna ta yi wa ƙanena Sa'idu, wanda ya gama karatu a Sin ya ƙi dawowa. A gonarmu ta bakin kurmi na ɗauki maganarta, kuma haushi ya cika ni, domin wani tsuntsu ya yi ta kuka a bayanta. Sojojin hanya sun sauke mu har na gaji. Daga Legas jirgi ya kai ni Addis Ababa, sannan Hong Kong, na ƙarasa a jirgin ƙasa.

Guangzhou

Sa'idu ya tarye ni a tasha, ya rame, sai tafinta yake yi wa Kanawa masu sarin tufafi a kasuwar Shisanhang. Na nemi rikoda a masauki, mai gidan ta ce, "Meiyo," wato babu. Wani Bazazzage ne ya ara mana.

Muka kunna kaset, Inna ta yi ta roƙon ya dawo, ta ce ƙafafunta sun fara gazawa. Yaron nan ko gezau, yana ta cin taliyarsa da tsinke. Har na fara zuciya, sai tsuntsun ya yi kuka, ya ajiye kwanon.

"Yaya, mayar baya."

"Maganar Inna?"

"A'a, bayanta. Shi ne fa."

Shi ne kuwa: na cikin kurmi, wanda aka ce yana da doguwar jela, kuma a sheƙar wasu yake ƙwai. Muna yara mun sha binsa da danƙo, kukan yana hawa yana hawa a kanmu, ba mu taɓa ganin ko gashinsa ba.

"Yana nan har yanzu?" in ji Sa'idu. "Ba a sare kurmin ba?"

"Zo ka gani da idonka."

Ya goge fuska da hannun riga. "In Allah ya yarda, bayan Sallah." Bai ce wace Sallah ba, ni ma na ji tsoron tambaya.

Gida

Na gode wa Allah da ya dawo da ni lafiya, da 'yan'uwan da suka ciyar da ni a can. Da yamma motarmu ta tsaya a ƙofar gida. Inna ta fito tana dogara sanda, ta amsa gaisuwata ba ta dube ni ba. Ƙofar motar take kallo, har direba ya rufe ta ya ja.