Rumbun Yaya Nasiru Mai Ƙofa Biyu

Shekara shida ke nan da rasuwar yayana Nasiru, Allah Ya jiƙansa. Shi ya haɗa kwamfutocin ƙaramin asibitin da nake aikin ba da kati a Bebeji. Babbar na'urar da ke riƙe da bayanan marasa lafiya kuwa ya raɗa mata suna Rumbu, duk kwamfutar da ta kira sunan sai Rumbu ya amsa.

Na taɓa tambayarsa wani layi da yake rubutawa a cikin kowace kwamfuta. Ya ce, "Hauwa, sunan nan adireshi biyu gare shi, kamar gida mai ƙofa biyu, na tsohon tsari mai gajerun lambobi da na sabo mai dogaye. Shi kuwa Rumbu ta tsohuwar ƙofa kawai yake ji. Layin nan ke hana kwamfutocin nufar sabuwar." Ya ce faci ne, zai dawo ya buɗe ɗayar ƙofar. Bai dawo ba.

Bayan rasuwarsa aka kawo sabuwar kwamfuta wadda ba ta da layin. Wata mai naƙuda daga Tiga tana zubar da jini, ana neman rukunin jininta, kwamfutar kuwa ta tsaya a sabuwar ƙofa tana ta sallama ba kowa. Na kwafo layin daga tsohuwar kwamfutar, Rumbu ya amsa. Matar ta rayu, ni kuma daga ranar na zama injiniyar dole.

Shekara biyu ke nan da aka mayar da mijina Doguwa, ni ina nan. Duk sanda na ɗaga maganar tafiya sai shugaban asibiti ya ce, "Malama Hauwa, in kin tafi wa zai buɗe mana Rumbu?" Na koya wa mutum biyu, duk an canja musu wurin aiki. Gaba kura, baya sayaki.

Da Yaya zai leƙo yau, na san dariya zai yi, ya ce gyaran minti goma ne. Wani lokaci har haushinsa nake ji, sai in yi istigfari.

Mutane na cewa sadaka mai gudana ya bari, kuma gaskiyarsu ce, ina roƙon ladan ya kai masa. Sai dai ba sa tambayar wa ke tsaron ta. Jiya mijina ya bugo waya, ya ce ƙaninsa na neman ɗakin da shi mijin nawa ya share mini a Doguwa tun bara. Na ce ya ba shi.